Gidan Baharom Mai Taya

"To, wa zai riƙa zubar da kashin?" in ji Sapiah. "Kai ka ce akwai masai a ciki. Masai mai tafiya. In ya cika wa zai ɗauka?"

"Ni zan zubar."

"Kai? Kai da ko na kyanwa ka gani a baranda sai ka kira ni?"

Baharom ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya leƙa ta tagar kicin. Abin da suke faɗa a kansa yana tsakar gida, ƙarƙashin itacen rambutan: wata zungureriyar farar mota mai ɗaki a baya, da tagogi, da labule, da tsani a gindi. Wani ɗan birni mai suna Razlan ne ya kawo ta da sassafe daga Shah Alam, ya bar makulli, ya ce su gwada, bayan la'asar zai dawo ya ji amsa.

"Injin lafiya yake, Piah. Na saurare shi. Rabin rayuwata ina tuƙa bas daga Seremban zuwa Johor, kunnena ba ya yi mini ƙarya."

"Kunnenka ya gaya maka kuɗin taya? Ya gaya maka inshora? 'Yarmu Aini ta ce in abu ɗaya ya karye sai an aiko da shi daga Japan, ka zauna wata da watanni kana kallonta kaji suna ƙwai a ƙasa. Ga shan mai. Abang, kuɗin sallamarka ne kaf za ka zuba a ciki. In ta mutu a hanya, me ya rage mana?"

"Mutumin ya yi ragi sosai."

"Ragin ne ma ya fi ba ni tsoro. Wa ka taɓa gani ya yi ragi a kan abu mai lafiya?"

Abang take ce masa, yadda matan nan suke kiran miji. Tana magana tana kankare kwakwa, har ta kusa haɗawa da yatsa. Duk wanda ya ji ta zai ce kuɗin take ji wa. Alhali ba kuɗin ne ya hana ta cin abinci tun jiya ba.

Tun azumi take fama da ƙirji. Ranar da aka sallame ta daga asibiti ta ga likita ya ja Baharom gefe a bakin ƙofa, sun jima suna ƙus-ƙus. Da ta tambaya, sai ya ce maganar magani ce. Amma daga wannan makon mutumin da waya ba ta dame shi ba ya koma duƙufa a kanta, yana ta kallon motoci masu gado a ciki. A nan wajenmu kuwa kowa ya san yadda abin yake. Gida na mace ne, ƙasa ta mace ce, daga uwa sai 'ya. Miji shigowa yake yi da jakarsa. In matar ta riga shi tafiya, al'ada ta ce ya ɗauki jakar ya koma dangin uwarsa. Baharom ya tsufa a gidan nan bai taɓa buga ƙusa a bango ba sai ya tambaya. Ko ƙofa da hannu biyu yake rufewa, a hankali, kamar mai gudun tada jariri. To namijin da ya kai wannan shekaru ya tashi neman gidan kansa, me aka gaya masa a bakin ƙofar asibiti?

Ba ta iya tambaya ba. Gani take in ta tambaya zai amsa.

"Ana ciki?" Kak Embun ce, yayar Sapiah, ta hawo matakala tana nishi, da kwanon soyayyar ayaba a hannu don kada a ce gulma ta kawo ta. "Baharom, ashe jirgin ruwa ka saya ba mu sani ba? Tun daga masallaci nake jin labari. Wai har da firji."

"Ban saya ba tukun, Kak."

"Ka saya mana. Mu ma mu ɗana. Ka kai mu Port Dickson mu ga teku kafin mu mutu."

Ya yi murmushin da yake yi mata tun ranar da aka kawo shi gidan, ya ɗauki tocilansa, ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Kak Embun ta zauna a kujerarsa, ta jawo shayinsa da bai shanye ba. Ta rage murya, wanda a wajenta ragewar ma maƙwabta na ji.

"Ni dai ban ga laifinsa ba. Ya yi hankali. Kin tuna mijin marigayiya Halijah? Yana can Rembau a ɗakin da ƙanwarsa take ajiye buhunan taki. An ce jikoki ma ba su san sunansa ba. Gara naki, ya tanadi inda zai sa haƙarƙarinsa."

Kwakwar ta suɓuce daga hannun Sapiah ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Kak Embun, an gaya miki wani abu ne?"

"Wane abu?"

"A asibiti."

"Ni? Wa zai gaya mini? Ni da ba na shiga harkar mutane." Ta cusa ayaba a baki. "Kin sha maganinki kuwa? Fuskarki ta yi fari."

Har aka yi azahar Sapiah ba ta daina jin bugun zuciyarta a kunne ba. Tana sallah tana ƙirga shi maimakon raka'a. Ta taga kuma tana ganin mazan unguwa suna shiga motar suna fita, wannan ya ƙwanƙwasa taya, wancan ya buɗe firji ya rufe, kowa da takalminsa a ƙafa, kowa yana cewa a saya, tunda ba aljihunsa ba ne.

Da suka watse Baharom ya zo ya tsaya a gindin matakala.

"Piah, ki zo ki gani da idonki. In kin gani kin ce a'a, sai mu yi magana."

Ta sauko tana riƙe da ƙarfen matakala. A ƙofar motar ta tsaya, ta zare silifas ɗinta ta jera su a ƙasa.

"Me kike yi? Shigo da su. Mota ce."

"Da safe ka ce gida ne."

"To, gida ne."

"Ni ban taɓa shiga gidan kowa da takalmi ba, ba kuma da naka zan fara ba."

Ƙamshin ganyen pandan ne ya fara tarar ta. Kowa yana sa ɗauri ɗaya a mota saboda kyankyaso, amma wannan kamar gona aka sare: ɗauri a kan gado, ɗauri a ƙarƙashin tebur, ɗauri a masai. Can a ƙarƙashin ƙamshin kuma akwai wani wari da hancinta ya kama ya saki. Sabuwar leda aka shimfiɗa a ƙasa, mai zanen katako, tana ta sheƙi. Sai dai tafin ƙafarta bai yarda da ita ba. Rana ta dafa motar tun safe, amma ledar sanyi ƙalau, kuma wajen tebur in ta taka sai ta ji ya lotsa, kamar gwanda da ta wuce nuna.

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai idonta ya sauka a kan gadon.

Ya riga ya kwaso kaya. Dardumarsa a ninke. Tsohuwar hularsa ta direba a rataye. Sandar kamun kifi. Kofi ɗaya a kan kantar girki, wanda kunnensa ya karye, wanda shi kaɗai yake shan shayi da shi. Ta duba ko'ina, babu ko tsinken da yake nata.

Ta fasa maganar ledar.

"Zauna nan," in ji shi, yana nuna kujerar tebur. "Nan ne wajen manya. Mu je mu hau tudun Bukit Putus mu dawo, ki ji yadda take cin tudu."

"Takalmana suna waje."

"Ba sauka za mu yi ba."

Ya haye gaba, ya tada inji. Gaskiya injin ya yi daɗin ji. Suka fita daga tsakar gida reshen rambutan yana kartar rufi, Kak Embun tana ɗaga musu hannu daga barandarta kamar masu tafiya Makka.

Da farko Sapiah ta riƙe bakin tebur kawai. Ita dama ko a ƙaramar mota ba ta son baya. Nan kuwa komai motsi yake: ƙofofin kantoci suna kaɗawa, kofin nan ɗaya yana rawa, labule yana marin ta. Ta madubi tana hango rabin fuskar mijinta. Rabon da ta gan shi haka tun yana aiki. Har wata 'yar waƙa yake yi a hanci, hannu ɗaya a sitiyari. Ta ce a ranta, haka zai riƙa tafiya ke nan, shi kaɗai, da kofinsa, ni ina ƙarƙashin ƙasa a bayan masallaci.

Sun fara hawan tudu, hanya tana lanƙwasa tsakanin itatuwan roba, sai ta ji abu yana tafiya a kan ɗan yatsanta. Ta duba. Gara ce, farare, suna fitowa a jere daga bakin leda. Ta janye ƙafa ta taka gefe. Nan ma ya lotsa, har ya fi ɗazu, kuma yanzu tana jin ƙasan yana numfashi, yana hawa yana sauka da kowace kwana.

"Abang."

Inji ya cinye muryar.

Wata babbar mota mai ɗauke da kwakwar manja ta sauko a guje, Baharom ya kauce mata, tayar baya ta faɗa rami. Sapiah ta ɗan tashi sama ta dawo, duk nauyinta a kan diddigen dama. Ba wani ƙara mai yawa aka yi ba. Kamar an taka busasshen biskit. Leda ta yage, ƙafarta ta shige har idon sawu, iska mai zafi ta bugi tafinta.

Ta duba ƙasa. A gefen ƙafarta, ta cikin ramin, kwalta ce take gudu. Baƙa, da farin layi yana zuwa yana wucewa. Ga wani ƙarfe yana juyawa, tazararsa da yatsunta bai kai tsawon cokali ba.

Ta so ta yi ihu, babu iska a ƙirjin. Zuciyar da likita ya ce kada a tayar mata da hankali ta hau dukan haƙarƙari kamar za ta fito ta riga ta sauka. Ta ja ƙafar, katako ya riƙe. Ta ja kuma, sai ta ji ɗaya ƙafar ma ta fara nutsewa, ƙafar tebur ɗin da take riƙe da shi tana girgiɗi a mazauninta. Ta fara salati a zuci, ta kai rabi ta manta sauran. Abin da ya zo mata kawai shi ne, ashe ba sai ciwon ya kashe ni ba, kuma za a tsince ni a titi ba takalmi, Kak Embun ta samu na faɗa har babbar sallah.

Hannunta ya lalubo ɗaurin pandan a kan kujera. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage ta wurga. Ya sami Baharom a ƙeya.

Ya kalli madubi. Waƙar ta tsaya.

Direba ne na gaske, wannan ba a ƙwace masa ba. Bai taka birki da ƙarfi ba, don da ya taka da ta ƙarasa shigewa. Ya rage giya ɗaya bayan ɗaya, ya gangara gefen hanya, ya tsaya a gaban wata rumfar mai sayar da 'ya'yan itacen durian da babu kowa. Ya rarrafo baya a kan gwiwa, ya kama idon sawunta da hannu biyu, ya ɓantare katakon da yatsu. Ba sai da ƙarfi ba. Marmashewa yake yi kamar gurasar jiya.

Ƙafar ta fito da ƙujewa da ɗan jini. Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe mata.

Ya kama bakin ledar ya ja, ta taso gaba ɗaya. A ƙasa katako ne baƙi, jiƙaƙƙe, gara ta yi hanyoyi a ciki, ƙarafan da suke riƙe da shi tsatsa ta cinye su sun zama kamar ganye. Ya buɗe kantar ƙasa ya haska tocila. Busasshiyar laka ce ja a kusurwa, ga kuma layi a jikin bango, miƙaƙƙe, daidai ƙugun mutum. Duk wanda ya ga gidajen Shah Alam a talabijin shekarar babbar ambaliya ya san wannan layi. Warin da pandan yake ɓoyewa ya tashi ya cika motar.

"Injin sabo ne," in ji Baharom a hankali. "Shi ya sa. Sun canza inji."

Ya ɗauke ta kamar amarya ya kai kujerar gaba. Suka koma gida a tafiyar da keke ma wuce su yake yi. Unguwa kuwa ta ga komai: Sapiah tana saukowa ta ƙofar gaba, ƙafa ɗaya a naɗe da rigar miji, mijin da singileti, silifas ɗinta suna nan a jere a tsakar gida inda ta bar su.

A kicin ya wanke mata ciwon da ruwan ɗumi. Ya kira Razlan a waya, ya ce ya zo ya ɗauki kayansa, makulli yana kan taya. Daga can ana ta magana, ana rantsuwa, ana ƙara ragi. Baharom ya ce, "Matata ta ga titi ta ƙarƙashin teburinka," ya kashe wayar.

Sai ya fita ya kwaso dardumar, da hular, da sandar kifi, da kofin. Ya tsaya da su a tsakiyar kicin kamar bai san inda ake ajiye su ba.

Sapiah ta dube shi. Wanda ya ga kwalta tana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa, tambaya ba ta fi ƙarfinsa ba.

"Abang, me likita ya gaya maka?"

"Wane likita?"

"Kada ka yi mini haka. A bakin ƙofa. Wata nawa ya ce?"

Ya zuba mata ido, baki a buɗe.

"Wata nawa na me? Cewa ya yi a rage miki gishiri da kwakwa, kuma in ɓoye soyayyar ayabar yayarki. Ya ce in kina shan magani sai ki binne mu duka."

"Ka rantse."

"Wallahi, Piah. Abin da kike ɗauke da shi ke nan tun azumi?"

Ta jingina da bango, ta ja numfashin da rabonta da irinsa tun kafin asibiti. Har dariya ta so zuwa. Amma shi bai yi dariya ba, yana nan tsaye da kofinsa.

"To in ba haka ba, me ya kai ka neman gida mai taya? Da kofi ɗaya?"

Ya ajiye kayan a kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da aka kwantar da ke, na je sayo ruwan zafi. Na dawo na tarar da Kak Embun da Aini a bayan labule, ke kina barci. Kak Embun tana cewa in ta Allah ta kasance, gidan na Aini ne, ɗakinmu a gyara a riƙa ba baƙi haya lokacin hutu, ni kuma ƙanwata tana da wuri a Rembau." Ya goge bakin kofin da babban yatsa. "Aini ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Na tsaya da fulas a hannu har ruwan ya huce."

Yanzu tsoron ya dawo, amma ba irin na ɗazu ba. Ta ga wuyansa ya rame a cikin singileti. Ta ga mutumin da ya rufa wannan kicin da kwano, ya haƙa rijiyar baya, ya dasa rambutan ɗin da ya karce motar, yana tsaye a gefen tabarma kamar wanda ya zo gaisuwa.

"Ai da ka faɗa mini," in ji ta da sauri. "Wannan ai mai sauƙi ne. Zan kira Aini yau ɗin nan. Zan sa ta yi alkawari a gaban kawunta. Yarinya ce mai tausayi, za ta bar ka ka zauna. Ko ɗakin baya ne, ba za ta hana ka ba."

Tana rufe baki ta san ta yi ɓarna.

"Za ta bar ni," in ji Baharom.

"Ba haka nake nufi ba."

"Ɗakin baya. Wanda na gina wa kaji kafin mu mayar da shi ɗaki."

"Abang, zauna mana."

"Yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne. Za ta bar ni, saboda tana da tausayi." Ya ɗauki hular direban ya kifa a kai. "Akwai wata motar a Melaka, mai ita tsohon soja ne. Ta fi wannan tsada. Gobe zan je, kuma ba takalmi zan shiga."

Daidai nan matakala ta yi ƙara, Kak Embun ta turo kai da wani kwanon ayabar.

"Wai me nake ji? An ce ƙafar Piah ta..."

Baharom ya bi ta gefenta ko kallo babu. Ya kama ƙofar da hannu ɗaya, ya maka ta da ƙarfin da ya sa hoton uwar Sapiah ya karkace a bango, kwanon ayaba ya kife a ƙasa.